Ko Barco Kake Nufi?

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awakin da suka ga tudu,
ubana Heriberto ya shekara talatin da takwas
yana ƙirga abin da teku ya tofo:
buhu nawa, akwati nawa, jirgin wa ya makara.
Ya ajiye aiki. Hannunsa na rawa.
Amma taga na nan, tashar jirage na nan,
kuma mai hali ba ya fasa halinsa.

Littafinsa na bakwai ya cika a watan Yuni,
ruwan sanyi na dukan kwanon rufi,
rubutun ya koma tonon kaza,
shi kansa ba ya iya karantawa.
Na ce zan rubuta masa 'yar manhaja.
Ya ce banda hotuna, banda ƙyale-ƙyale,
linzamin kwamfuta kufce masa yake yi.
Baƙin allo yake so, da farin rubutu,
irin na ofishin kwastan a zamaninsa.

Daren farko da hannuna na yi komai:
yanka jimla, tsince kalma,
wannan umarni ce, waccan suna, waccan adadi.
Layi ɗari biyu da sittin.
Na manta tazara ɗaya tak,
ginin ya rufta,
injin ya amayo mini baƙar magana shafi guda.

Da safe Nélida ta leƙo allona a ofis,
kofin shayi a hannu, ta yi tsaki:
"Kina tufka igiya, ga ta jibge a kasuwa?"
Ta rubuta mini sunan wani laburare a bayan rasit.

Ban san fuskar wanda ya gina shi ba.
Ina zaton garinsu akwai dusar ƙanƙara.
Ya dai ajiye shi kyauta,
kamar randa a bakin hanya, da moɗa a kai.

Ka faɗa masa sunan umarninka,
ka faɗa masa abin da za a miƙo,
wanne ne dole, wanne ne in an ga dama.
Shi ke nan.
Ni na gina ɗaki, shi ya gina zaure,
shi ke amsa sallama, shi ke nuna wurin zama,
in baƙo ya rikice ya nemi taimako
ya jero masa ƙofofin gidan a tsanake.
Layina ɗari biyu da sittin suka koma sha tara.
Na ɗan ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Ran Lahadi na hau motar tudu mai ƙugi,
na ajiye kwamfutar gaban tagarsa.
Wani jan jirgi na shigowa, ya san shi tun daga nesa.
Ya ɗaga yatsa ɗaya, yatsan na kaɗawa.
Jirgi a bakinmu barco ne.
Ya buga braco.

Na riƙe numfashi, ina jiran baƙar maganar nan.
Allon ya ƙifta, ya ce:
Ban san braco ba. Ko barco kake nufi?

Bai ce komai ba.
Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar.
Can ya ce, ba da ni ba, da tagar:
"Eduvigis ce ke ƙarasa mini magana haka."
Shekara shida ke nan da muka rufe ta a Playa Ancha.

Jirgin ya yi kuka, ya ɗaure.
Na shiga kicin na ɗora ruwa,
na daɗe fiye da yadda ruwa ke bukata.
Daga can ina jin madannai, ɗaya, ɗaya.
Da na fito ya iya kalmar sarai,
ya shigar da jirgi uku ba kuskure.

A na huɗu na ga ya dakata,
ya saci kallona,
ya sake buga braco.