Kusa da Albasa

Na iso Cushamen da ƙafa ɗaya da rabi,
da kaimin azurfa a jaka,
da sunan da na yi a filayen horo:
Fermin mai karya dawaki.
Shekara ashirin ina ɗaure su a turke,
in rufe musu ido, in haye,
har bulala ta gaji ko doki ya gaji.
Na ƙarshen bai gaji ba.
Shi ya bar min wannan ɗingishi.

Tsohuwa Eulalia Painefil ba ta tambayi ƙafata ba.
Ta miƙo min ƙoƙon mate mai ɗaci,
ta ce, "Rataye kaiminka can, kusa da albasa."

A shinge akwai goɗiya, kili, 'yar shekara uku,
an koro ta daga tudu ranar askin tumaki.
Haƙarƙarinta na bugawa
kamar ana dukan ƙofa daga ciki.

"Me zan yi?"
"Zauna."
"Sai kuma me?"
"Sai ka ci gaba da zama."

Kwana huɗu a kan kifaffen bokiti.
Iskar Patagonia ta tsattsage min leɓe,
ta ɗauke hulata sau biyu.
Goɗiya na can kusurwa, ta ba ni gindi.

"Idanunka biyu a gaba suke, irin na damisar dutse,"
in ji tsohuwa, tana kaɗin ulu.
"Ta san da haka tun a cikin uwarta.
Ba ta kafaɗa. Dubi ƙasa.
Naɗe yatsun nan, farata take gani."

Ran na shida ta matso, taku uku tsakaninmu,
sai tsohon hannuna ya riga ni,
ya cafki geza.
Ta zabura, ta bugi shinge,
itace ya yanke ta a ƙirji.
Jini kaɗan ne. Na sha ganin wanda ya fi shi
ban ko ajiye taba ba.
Daren nan abinci ya ƙi wuce min wuya.
Eulalia ba ta yi faɗa ba.
Da safe dai ta kife min bokitin.

Na koyi karatun kunne:
na hagu ya juyo gare ni, na dama na sauraron tudu.
Na ga ranar da ta sunkuyar da kai
tana tauna, babu komai a bakinta.
Sai wata la'asar, ina gyangyaɗi,
numfashi mai ɗumi ya sauka a ƙeyata,
mai warin ciyawa da ƙura.
Ban motsa ba.
Hawaye ne kawai ya ƙi jin magana.

Sabo ya zo da raini.
Ta fara bangaje ni, ta taka min lafiyayyar ƙafar.
"Yarda daban, wargi daban," in ji tsohuwa.
"Miƙe tsaye, cika wurinka.
In ta ja baya ko da taku ɗaya, sassauta nan take.
A sakin take karatu."
Na ɗaga igiya, ban taɓa ta ba.
Ta ja baya. Na sauke hannu.
Muka dubi juna kamar maƙwabta
da suka gama shata iyakar gona.

Ran na ashirin da uku Eulalia ta zare sakata,
ta bar ƙofa a wangale.
Babu ragama, babu linzami.
Ga tudu can, ga 'yan'uwanta suna haniniya.
Ta fita da gudu har bakin rafi.

Na juya na nufi gida, ina jan ƙafa.
Ban waiwaya ba, an hana ni.
Can sai kofato a kan tsakuwa:
taku, taku, tsayawa,
taku, taku, tsayawa.
Tana jiran gurguwar ƙafata.

Albasar ta ƙare tun tsakiyar hunturu.
Kaimin na nan a ƙusa.
Jiya na ga gizo-gizo ya yi saƙa a kansa.