Kwalbar Zaiba

Kafin Ige ta iso da makulli
rana ta riga mu zuwa aiki.
Tana bisa rufin kwano,
zaune kan faranti shida masu baƙin gilashi,
tana turo wuta zuwa kujerata.
Ranar Sakkwato, wadda muke tsine wa a bazara,
na ɗauke ta aiki, ba ta taɓa tambayar albashi ba.
Janareta na bayan ɗaki lulluɓe da buhu,
ƙadangaru sun mai da shi masauki.

Ƙarfe tara Arzika ya shigo,
hannu a kunci, ido jawur,
ƙarnin gulbi bai bar rigarsa ba.
Daga Kwalkwalawa yake, masunci ɗan masunci.
Matauninsa na hagu
wani ya cike shi da baƙin ƙarfe tun yana saurayi,
yau cikon ya tsage.

Na ce buɗe, ya buɗe.
Na ƙwaƙule cikon gutsure-gutsure,
bututu na zuƙe ruwan bakinsa,
matata a ƙarƙashin kujera na tare ɓurɓushi.
Abin da ta tare na juye a kwalba,
na murɗa murfi har ya yi ƙara.

Ya tofar, ya dube ni a kaikaice:
"Likita, mi kaka yi da wanga datti?
Ko gadon da za ka bar ma ɗiyanka na?"

Na ce akwai zaiba a ciki.
In na sake ta, kwata ta ɗauka,
kwata ta miƙa wa lambatu,
lambatu kuwa ba shi da dangi sai Rima.
Can ƙaramin kifi ya haɗiye,
babba ya haɗiye ƙarami,
kai ka jefa koma,
uwargida ta soya,
abin da na cire daga bakinka
ya dawo bakin autarka.

Ya yi shiru, ba shirun allura ba.

Ba zan ɓoye ba, abin da tsada.
Kuɗin matatar nan sun isa sabon babur.
Abokin karatuna na Gawon Nama ya ce,
"Kai likitan haƙori ne ko Sarkin Ruwa?"
Na yi dariya, amma ta tsaya mini a wuya.
Kofunan roba na sallame su,
na ƙarfe Ige ke turarawa, tana mita tana yi.
Hoton haƙori ya koma kan allo,
babu sauran ruwan wanki mai guba.
Ɗigon da na'urar sanyi ke zubarwa
shi ya raini zogalen bakin ƙofa,
ga shi har ya wuce taga.

To, safar hannu fa?
Kullum kwando guda, fari fat,
kamar hannayen da na yanke na zubar.
Wannan ban san dabararsa ba.
Kwalba ta uku ta kusa cika,
na rubuta wasiƙa biyu, ban ji mai karɓa ba.
Suna jere a kabad
kamar baƙin da suka manta hanyar gida,
ni kuma ba ni da fuskar korarsu.

Bayan kwana tara Arzika ya dawo,
kunci ya saɓe, yana tauna gyaɗa da hagu don in gani.
Ya ajiye ƙwarya a teburina,
tarwaɗa biyu na motsi a ciki.
"Na so in sa su leda," in ji shi,
"sai nit tuna halinka."

Da dare muka ci da barkono.
Ban san abin da wasu suka zuba wa Rima ba,
na dai san nawa yana kulle a kabad.
Wata 'yar ƙaya ta maƙale mini a haƙori.
Na fita tsakar gida,
na karyo reshen darbejiya.