Kabureta a Gwangwanin Madara

A Bukuru muka same ta, bayan gidan wani tsohon kuku,
kaji na ƙwai a kujerar baya,
gwanda ta tsiro ta ramin fitila.
Moris ce, baƙa, ta Baturen kuza
da ya bar ta a madadin albashin wata uku.

Naira goma sha biyu, ni da Davou, rabi da rabi.
Muka ɗaure ta a gindin tifa har Farin Gada,
yara na bin mu da ihu:
ga masu jana'izar ƙarfe!

Wancan zamani ba mai cewa kayan tarihi.
Bola ake cewa.
'Yan gwangwan ma sun fi mu daraja,
su ko banza suna da sikeli.

Mu biyar ne.
Okwudili mai fulogi, Tanimu Walda,
da Malam Gofwan, da bai san bakin safana ba
amma shi ke karanta mana littafin injin
yana lasar yatsa, yana gyara tabarau.
Asabar da yamma, sanyi ya ƙage yatsu,
mu wanke noti a kaskon kananzir,
mu yanka gasket daga kwalin sukari.
Abin da Dilimi ba ta da shi
Tanimu ya ƙera, ya rantse ya fi na Ingila.

Ranar da ta fara tari
Davou ya yi rawa da jak a hannu.
Mun kai ta Hawan Kibo don mu ji ƙarfinta,
ta tafasa a tsakiya kamar tukunyar gwate,
muka tura, muna zaginta, muna dariya.
Ita ta ɗauko amaren mu biyar,
uku zuwa coci, biyu zuwa Gangare,
ba ta taɓa tambayar hanya ba.

Sai wata shekara ta fara shaƙewa.
Davou ya kwance kabureta, ya sa a aljihun kwat:
zan kawo ran Asabar.

Asabar ɗin ba ta zo ba.
Gari ya tsage kamar gilashin gaba,
tsaga ɗaya, sai ta yi rassa.
Kowa ya kwashe ya koma inda sunansa
ba zai jawo masa tambaya ba.
Tsakanina da shi kuɗin mota bai kai na goro ba,
amma shekara ashirin ban je ba.
Shi ma bai zo ba.
Ban ce laifin wani ne ba. Ban je ba, shi ke nan.

Ina shafa mata mai, ina juya tayoyi
kada su kwanta gefe ɗaya.
Wani ya zo daga Abuja, takalmi na ƙyalli,
zai girke ta a ƙofar otal, a riƙa hoto.
Ya faɗi kuɗin da ya sa kunnena ƙaiƙayi.
Na ce rabi ce tawa,
mai ɗaya rabin ya tafi da zuciyarta.

Makon jiya wata mata ta yi sallama.
Goshin kawai na gani na gane.
Kangyang ce, autarsa.
Ta miƙo gwangwanin madara, ta sunkuyar da kai,
ban tambaya ba, ba ta faɗa ba.

Ciki tsumma ne, jiƙe da mai,
da takarda, rubutun nan nasa mai kama da tafiyar kaza:
Sallau, allurar ce ta lanƙwashe, na miƙe ta.
Kada ka matse da ƙarfi. Na san halinka.

A bugu na uku ta tashi.
Hayaƙi ya cika garejin,
ya ba ni hujjar share ido.

Yanzu ba na ganin titi sosai,
Kangyang ce ta riƙe sitiyari.
Muka bi ta Taminus a giya ta biyu,
masu Keke na mana hon.
Mai na ɗan ɗiga ta ƙasan kabureta,
ina jin warinsa.
Na bar shi haka.