Bayan Bakwai

A ƙauyenmu, can ƙasan Potosi,
ruwa ba ya wari.
Da yana wari, da tuni mun gudu.

Ni ke koyar da 'yan aji biyu.
Bara Nicanor Ticona ya ƙirga mini har ɗari
yana tsalle da ƙafa ɗaya.
Bana a bakwai yake tsayawa,
ya dube ni
kamar wanda ya shiga ɗaki
ya manta abin da ya kawo shi.

Kakarsa Brígida ta ce dutse ne ya yi fushi.
Ta ƙona ganyen koka,
ta zuba wa ƙasa 'yar barasa,
ta kira sunansa sau uku a bakin rafi
don kurwarsa ta dawo gida.
Sannan ta ɗebi ruwan rafin
ta wanke masa fuska.

Likita ta zo cikin farar mota,
ta tsaga yatsu ashirin da uku.
Bayan wata biyu takarda ta iso,
kalma ɗaya da lamba a gefenta: dalma.
Ni na karanta wa uban.
Ya juya hular ƙarfensa a hannu,
ya juya, ya sake juyawa,
ya ce, "Malama, a ramin nan nake ci."
Ban ce komai ba.
Allina ma kuɗin ramin ne.

Dutsen ya ba duniya azurfa,
ya ba ta kuza, ya ba ta tutiya,
mu ya bar mana ruwan wankin hannunsa.
Duwatsun rafi sun yi ja kamar an shafa musu manja.
Kwaɗi sun yi shiru shekara huɗu ke nan,
kuma ba wanda ya lura ranar da suka daina.
Lama ta haifi ɗa ba numfashi,
dankali ya fito ƙanana kamar ƙwan tantabara,
muka dafa, muka ci,
yunwa ba ta jiran sakamakon gwaji.

Tankar ruwa ranar Alhamis take zuwa,
in ta zo.

Yau yara sun buga ƙwallo har leɓɓansu suka bushe.
Kwalba ɗaya gare ni, ta kanti,
na zuba musu murfi-murfi, kowa ɗaya,
ina jin rafin a bayan katanga
yana gudu, garau, kyauta,
yana kiransu.

Nicanor ne na takwas a layi.
Ya shanye, ya lashe murfin,
ya ja ni da gefen zane:
"Malama, me ke zuwa bayan bakwai?"

Na durƙusa, na kama yatsunsa masu sanyi,
na ce, "Kai ne.
Zo mu sake daga ɗaya."