Ruwan Da Ban Tace Ba

Shekara goma sha tara ina gidan ruwa na Shika.
Ni ke auna alif, ni ke zuba magani,
in tsaya sai laka ta kwanta
kafin a sakar wa Tudun Wada famfo.
Na ɗauka na san ruwa.

Daren Laraba Hansai ta taɓa ƙafata:
"Malam, zanena ya jiƙe."
Wata bakwai da kwana tara.
Motar maƙwabci sai da turi,
na bar takalmi ɗaya a bakin kwata.

Sista Kande ta duba, ta cire safar hannu.
Ta ce faya ce ta tsage, yoyo take,
ba ta fashe duka ba.
Na ce, to ba sai a ƙara wani ba?
Ta yi dariyar da ba ta raini ba:

"Wannan ba ya zuwa a jarka.
Kana ganinsa garau kamar ba kowa,
alhali da masu gadi a ciki.
Ƙwayar cuta in ta hauro,
wani ya ɓoye mata abinci,
wani ya yage mata riga,
ta rasa inda za ta yi zuri'a.
Sai dai mai gadi ma yana gajiya
in ƙofa ta kwana a buɗe.
Shi ya sa ga allura, ga gado,
kada ta sauko."

Na fita na zauna a benci.
Wani yana sayar da shayi, ban saya ba.
Ni da nake tace ruwan gari guda,
ga moɗa biyu a cikin matata
ban san wa ke tace su ba.
Babu inji, babu mai aikin dare,
ba a ɗauke wuta a can.

Sai na tuna Inna, tana Kwarbai a ƙasa.
Ashe ni ma na sha irinsa,
na yi iyo, na yi shaƙuwa a ciki,
ban taɓa ce mata sannu ba.

Yau kwana goma sha ɗaya.
Ba zazzaɓi. Yaron yana shuri,
Hansai ta ce ƙafar babansa ce, ba kunya.
Da safe na ɗebi ruwa a kwalbar gwaji,
na ɗaga shi saitin rana kamar kullum,
na daɗe ban sauke hannu ba,
har Ɗanjuma ya ce, lafiya?