Lissafin Pampo

Ranar da na bar lise, Mushe Girema
ya rubuta a tablo da guntun alli:
tano mai cin lita ɗari da tamanin,
pampo na zuba goma sha biyu a minti,
uku na zurarewa ta huda a gindi.
Yaushe zai cika?

Mato ya ɗaga hannu daga bencin baya:
"Mushe, wane pampo? A Damagaram?
Namu na Garin Malam wata uku yana tari,
ko miyau bai tofa ba."
Aji ya kece da dariya, har Mushe ya juya baya
don kar mu ga haƙoransa.

Ban kai ga amsa ba.
Ƙanena ya leƙo ta taga,
ya ce Baba ya faɗi a Kasuwar Dole
tsakanin buhunan wake.
Na rufe kaye a kan bik, na ce sai gobe.

Goben nan ta ci shekara ashirin da biyu.

Baki bakwai a gida, rumbu na amsa kuwwa.
Mai ɗaukar soja bai tambayi takarda ba,
ya auna ƙirji, ya duba haƙori kamar mai sayen rago,
ya ce hau kamyo.
Mato ya haye bayana,
wai ba zan ci albashi ni kaɗai ba.

A Dirku na koyi rabawa:
bido ɗaya, mutum tara, mota sai jibi.
A bakin Komadugu na koyi ɗebewa.
Can na bar yatsu biyu.
Can na bar Mato,
yana tsakiyar wani labari da bai kai ƙarshensa ba.

Na dawo da kwano ɗaya, da lamba, da barci rabi da rabi.
Ina gadin wani kantin magani a Zango
aka ce tsofaffin soja su zo su ƙarasa.
Fassuma, ɗiyata, ita ta zama malamata,
tana buga tabarma da rula:
"Baba, ba haka ake riƙe bik ba."
Na ce da yatsu uku, haka ake riƙe shi.

Yau ga mu ƙarƙashin rumfa, mu goma sha ɗaya,
furfura cikin kakin da ya daina rufe ciki.
Lasifika na shaƙewa, yara na leƙe ta katanga,
duwatsun Birni na kallo kamar yadda suka saba.
An jera kujera goma sha biyu.

Da aka kira Mato Barmu, shiru ya amsa.
Sai tsohuwarsa ta miƙe, sanda na gaba tana biye,
ta karɓi takardar girmamawa da hannu biyu
kamar an miƙo mata jinjiri.
Ta tambaye ni me aka rubuta.
Na ce sunansa.
Ta ce to, nuna mini inda ya fara.

Da aka kira ni, ƙafa ta so ta ƙame, na hana ta.
Mushe Girema ne ke miƙawa,
ido ya yi hazo, hannu na rawa.
Na duƙa kusa da kunnensa, na ce:
"Minti ashirin, Mushe."
Ya ce me?
Na ce tanon nan. Minti ashirin.
Bai tuna ba. Ya dafa kaina dai,
ya ce madalla, yaro.

Da dare Fassuma ta sa takardar cikin leda,
ta tura ƙasan akwati inda lambar take.
Wajen asuba na ji pampon tsakar gida na tari.
Na fito da bokiti, na zauna a gabansa,
ina ƙirge.