Mai Giɓi

A rumfar Kawu Hali, bayan Tsohuwar Kasuwa,
inda matattun rediyoyi ke jiran tashin ƙiyama,
akwai wata aba lulluɓe da zanen da Inno ta daina ɗaurawa.
Gefenta katako ne. Nauyinta ya kai na tunkiya.
Haƙoranta arba'in da huɗu, ɗaya ya faɗi,
shi ya sa yake ce mata Mai Giɓi.
Sintasaiza ce. A gwanjo ya same ta
da kuɗin da ya tara na sayen keke,
ya ƙara shekara biyu yana zuwa aiki a ƙasa.

Ni tawa a jaka take.
Manhaja ce, ba ta kai nauyin allura ba,
muryoyi dubu uku ke kwance cikinta.
Amare goma sha ɗaya na yi wa kiɗa da ita bana,
ko tari ba ta taɓa yi mini ba.

Ran Laraba na kunna masa.
Ya saurara, kai a karkace, dalma na hayaƙi a hannunsa.
Ya ce, "Luba, wanga abu ya cika tsabta,
awa ruwan leda.
Ruwan randa nika so, mai ɗanɗanon ƙasa."

Ya yaye zanen.
Ya ja igiyar janareto sau shida.
Ya ce mu jira ta ɗumama.
A Sakkwato! A watan Afrilu,
da ƙadangare ma ke taka ƙasa da lissafi!
Muka jira.

Ya soka waya nan, ya zare wata can
kamar masaƙi na gyaran zare,
ya danna haƙori ɗaya, ya murɗa.
Ƙarar daga ƙasa ta taso,
ta bi ƙafar benci ta shiga ƙashina.
Kwalaben kusoshi suka hau rawa a kan kanta,
mai shayin maƙwabta ya tsaya, kofi a sama.
Na tuna gulbin Rima in ya kawo da dare,
kana kwance kana jin sa, ba ka ganin sa.

Minti goma, ta soma zamewa,
sautin da ya kama ya sulale ƙasa kaɗan.
Na ce, "Kawu, ta saki hanya."
Ya ce, "Zahi ta ji. Ke ba ki jin zahi?"

Na juyo masa fuskar kwamfuta:
ga maɓalli nan na wannan zamewar,
in ka murɗa, sauti ya yi tangaɗi irin na tsohuwar na'ura.
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
"Wato sun zamna sun ƙera tsuhwa suna saidawa?"
Ya yi dariya har ya sarƙe.
"Nawa? Ni ga shi nan ga gwiwata, kyauta."

Kafin man janareto ya ƙare
na kafa makirfo na ɗauke ta haƙori-haƙori,
arba'in da uku,
na cike giɓin da kaina a gida.

Yanzu tana jakata, ba ta neman mai, ba ta neman inuwa.
Sai dai kullum Laraba ce a cikinta,
kullum ƙarfe biyu,
kuma can ƙarƙashin haƙori na tara
cokalin mai shayi na buga kofi, bugu ɗaya tak,
duk ranar da na danna.

Shi ya sa nake komawa da lita guda a gora
in ji me za ta ce yau.

Jiya, ina naɗe waya, ya miƙo mini salularsa,
idonsa na kan wata rediyo da ba ta da abin gyara.
"Abin nan da kinka ɗauka," ya ce,
"sa min shi nan.
Abin da ka mutuwa cikinta, an bar ƙera shi."